Taragun Baya

"Tikiti daban, kujera daban, Inna," in ji Auta, tana turo takardu biyu ta ƙarƙashin gilashin taga. "Wannan babbar ita za ta shigar da ke jirgi. Ƙaramar kuma ita za ta zaunar da ke. In kika yar da ita a tsaye za ki yi tafiyar, ko da ke kika haifi direban."

Tsohuwar ta yi dariya har da riƙe haɓa. Baƙuwa ce, za ta babban birni ganin jikar da aka haifa mata, kuma tunda take ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Ta cusa takardun can ƙasan jakarta, ta rungume jakar a ƙirji.

"Saura abu ɗaya, shi ne babba." Auta ta ɗaga yatsa. "In kun isa mararraba jirgin zai tsaya ya ɗan jima. A nan ake raba shi biyu. Taragun gaba su wuce babban birni, na baya a kwance su a ja su garin masu fasa dutse. Za ki ga taragun bayan nan fayau, kujeru na ta hamma ba kowa. Kada su yaudare ki. Ki zauna inda takardarki ta ce, ko da maƙwabcinki munshari yake yi."

"Ni da na tsufa a gefen mai munshari? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Wannan jawabi shi ma'aikatan tashar ke kira wa'azin mararraba. Dokar aiki ce, duk wanda ya sayi tikitin jirgin rana sai an karanta masa. Wasu a kan gudu suke yi, idonsu na kan agogo. Auta kuwa takan tsaya ta kalli mutum cikin ido, har sai ta ga maganar ta shiga. Tana son aikinta. Tana son ta gaya wa baƙo wane gefe ne rana ba ta dukansa, da yadda zai bar wa kansa tazara in zai sauya jirgi, don kada ya sauka ya tarar da wutsiyar wanda yake nema tana ɓacewa a kwana. A ganinta, duk wanda ya zo gaban tagarta akwai wani can yana jiransa, kuma ita ce igiyar da ke tsakaninsu.

"Na gaba," ta ce, idonta na kan kwamfuta.

Ƙamshin turaren ne ya riga muryar isowa. Ya biyo ta ramukan gilashin ya shiga hancinta, ya wuce kai tsaye wani ɗaki a ƙirjinta da ta daɗe da kullewa.

"Ikon Allah. Auta? Ashe har yanzu kina nan."

Mai Hoto ne, wanda ya taɓa neman aurenta. Ya yi ƙiba kaɗan, irin ƙibar jin daɗi. Farar riga ce a jikinsa, ta sha guga har karinta na ɗaukar ido, ga jakar kyamara a kafaɗa, ga abin jin kiɗa rataye a wuya. Murmushin nan nasa yana nan yadda yake, mai karkata gefe guda, wanda a da in ya yi mata shi takan manta abin da ta zo faɗa.

A tagar da ke kusa, Anti Tabarau, wadda ta fi kowa daɗewa a ofishin, ta sauko da tabaranta kan karan hanci ta leƙo. Hatimin da ke hannunta ya tsaya a sama.

"Ina za a je?" in ji Auta, da muryar da take yi wa kowa.

"Haba, ko gaisuwa? Kin ga yadda kika ƙara kyau kuwa? Hasken tagar nan ya dace da ke."

"Akwai layi a bayanka."

Ya waiga, ya yi 'yar dariya. "Babban birni. Dole in isa yau kafin magariba. Aiki na zo yi garin nan, motar ta ce ba ta san zancen ba, tana can wajen makaniki an yi mata fata-fata. Aka ce jirgin rana ne kaɗai zai kai ni a kan lokaci."

Da gaskiyarsa, shi kaɗai ne. Auta ta buɗe taswirar kujeru. Yatsunta na aiki, amma ita tana wani wuri.

Tana cikin wani jirgin, na wata shekarar. A lokacin an yi musu baiko, ita da shi, saura sa rana. Baba yana kwance a babban asibitin birni, ciwon ya ci ƙarfinsa, ya aiko cewa yana son ya ƙara ganin yaron, akwai maganar da zai damƙa masa baki da baki. Ita da kanta ta kama musu kujeru biyu a jere, gefen inuwa, ta bar masa ta taga saboda yana son kallon hanya. Ta tsaya a bakin tarago har aka busa usur. Wayarsa a kashe. Ta shiga ta zauna, ta ɗora jakarta a kan kujerarsa, duk wanda ya zo ya nuna wurin sai ta ce, "Akwai mai ita." Ta faɗa wa mai goyo, ta faɗa wa tsoho mai sanda, ta faɗa har muryarta ta dushe, kamar mutum zai iya faɗowa daga sama a tsakiyar daji ya zauna.

A asibiti ta tarar Baba ya sa an jingina shi da matashi, ya sa an ɗora masa hularsa ta fita unguwa. Ya dubi ƙofa ta bayan kafaɗarta.

"Ina yaron naki?"

"Yana jirgin baya, Baba."

"To, mu jira shi."

Bai yarda an cire masa hular ba. Duk takun da aka yi a baranda sai ya juyo da kai. Washegari da hantsi ya cika, hular na kansa.

Daga baya ta ji inda yaron nata yake a ranar. Wani mai hali ne ya kira shi ɗaukar hotunan buɗe sabon kamfani, aikin da ya ce ba a samun irinsa sau biyu. Daga wannan aiki ya bi mai halin ya bar garin, bai ƙara waiwayowa ba. Abin da kawai ya zo mata daga wurinsa saƙon waya ne, bayan an share makoki: Allah ya jiƙan rai. Ko sunan Baba babu a ciki. Ta goge saƙon, ta goge lambar, amma ƙaryar da ta yi wa mahaifinta a kan gadonsa na ƙarshe ta ƙi goguwa. Ita ce ke tashinta kafin ƙararrawar agogo.

Wayar Mai Hoto ta yi ƙara. Ya ɗaga mata hannu alamar ta yi haƙuri, ya danna, bai ma matsa daga tagar ba.

"Haskena. Ga ni a tasha."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a bayan wuya. Haskena. Sunan da ya ce don ita ya ƙirƙiro shi, ranar da ya ɗauke ta hoto a ƙarƙashin agogon tashar nan, ya ce fuskarta ba ta bukatar fitila. Ashe sunan kamar rigar haya yake, duk wadda ta zo a zura mata.

Muryar mace ta fito siririya daga wayar, har ta ratso gilashi. "Don Allah kada ka makara. Da ƙyar Abba ya yarda zai gan ka, kuma ka san yau zai tashi. Na riga na ce masa kana tafe."

"Kwantar da hankalinki. Ni ɗin?"

Ya kashe, ya juyo yana shafa gemu, ko kunya babu. "Mahaifin wadda zan aura ne, surukina in Allah ya yarda. Mutum ne mai tsauri, in ya ce ƙarfe kaza, to ƙarfe kaza. Yau zai bar ƙasar, zai daɗe bai dawo ba. Ya ce in zo ya gan ni kafin ya tafi filin jirgin sama, in ban zo ba a bar maganar. Kin ga kuwa abin ba na wasa ba ne. Ki ba ni wuri mai kyau, Auta, saboda da."

"Saboda da," ta maimaita a hankali.

Taswirar na gabanta. Akwai sauran kujerun taga a taragon farko. Ta wuce su. Ta gangara har taragon ƙarshe na ɓangaren gaba, wanda 'yan kasuwa ke cikawa da buhuna da kwalaye, ta zaɓi kujerar da babu ma'aikacin da ke ba mutum ita sai in wuri ya ƙare. A bakin banɗaki take, ba ta da taga, tana ba hanya baya, kuma duk wanda zai shiga sai ƙofar ta bugi gwiwar mai zaune. Taku kaɗan daga ita akwai wata ƙofar, mai gilashi, wadda ta cikinta ake hango taragun baya da kujerunsu a jere, wayam, cikin sanyi.

Ta san shi kamar yadda ta san tafin hannunta. Ba ya jure cunkoso, ba ya jure wari, bai taɓa zama inda aka ajiye shi ba in ya hango inda ya fi. Kuma da abin hawa ya fara rausaya, ya toshe kunne, ya rufe fuska da hula, to ko ganga aka kaɗa a kansa ba zai motsa ba. Bayan tafiyarsa aka soma raba jirgin nan, bai san da zancen ba. Ta kuma san Dogo mai duba tikiti sau ɗaya yake zagayawa, da an tashi, sa'ad da kowa ke kan kujerarsa, daga nan ya koma gaba ya miƙe ƙafa. Lasifikar taragun baya kuwa ta daɗe tana magana kamar mai mura a cikin tulu.

Na'ura ta tofo takardun. Ta turo masa.

"Tikiti daban, kujera daban. Dandamali na biyu. Ka shiga da wuri."

Wa'azin ya zo har bakin leɓenta don sabo, ta danne shi da haƙora.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na gaba."

Ta sallami mutum biyu kafin Anti Tabarau ta jawo kujerarta mai taya ta matso.

"Ƙanwata, kunnena ne ya fara tsufa, ko kuwa ban ji wa'azi ba?"

"Kunnenki ne, Anti."

"To. Dama likita ya ce in rage shan iska." Ta buɗe fulas ɗinta ta zuba shayi a murfi, ta kurɓa. "Wace kujera kika ba shi?"

"Ta sarauta."

Anti ta leƙa kwamfutar, ta ga lambar, shayin ya kusa sarƙe ta. Ta daɗe tana tari tana dariya ba sauti, kafaɗunta na rawa. "Farar riga a bakin banɗaki. Ke dai ba ki da dama. Ni fa ban ga komai ba, tabaran nan na karatu ne kawai."

Auta ta ci gaba da aiki, wani daɗi mai ɗumi na yawo a jikinta. Rabon da ta ji irinsa har ta manta. Tana buga tikiti tana ganinsa a zuci: ya farka ya yi miƙa, ya leƙa taga yana neman dogayen gine-gine, sai fararen duwatsu da manyan motoci masu ɗibar tsakuwa. Ta ga murmushin nan mai karkata yana zamewa daga fuskarsa. Ta gan shi yana gudu a dandamalin da ba kowa, jakar kyamara na dukan ƙugunsa. Sau da yawa ta sha rama abin da ya yi mata a cikin ranta, ta tsara maganganu masu dafi, ta yi masa su a gaban madubi. Ba ta taɓa zaton ramuwar za ta zo da ƙafarta har gaban taga, ta miƙo kuɗi, ta ce a ba ta wuri mai kyau ba. Kuma abin da ya fi mata daɗi, ba ta yi ƙarya ba, ba ta taɓa shi ba. Shiru kawai ta yi. Shi ya koya mata yadda shiru ke kisa.

Jirgin ya shigo, ƙasa ta ɗan girgiza, gilashin taga ya yi zuzu. Mutane suka miƙe da kayansu.

A nan ne muryar ta dawo mata. Ba tasa ba, siririyar nan ta cikin waya. Na riga na ce masa kana tafe.

Ta yi ƙoƙarin korar ta, ta ƙi tafiya. Ta ga yarinyar da ba ta taɓa gani ba tana tsaye a bakin ƙofar falo, waya a hannu, tana kira ana ce mata ba a samun mai lambar. Ta ga uban a zaune ya gama shiri, akwatinsa a gefe, yana duban agogo yana duban 'yarsa. Ta san yadda bakin mutum ke bushewa a irin wannan tsayuwa. Ta san nauyin kalmar da za ta fito daga bakin yarinyar, don ita ma ta taɓa ɗaukarsa.

Daɗin ya fara tsami.

Ta ja tsaki, ta koma taswira. Taragon farko, bakin taga, gefen inuwa. Ta buga sabuwar takardar kujera, ta yage ta daga na'ura kamar mai fushi da ita.

"Anti, riƙe min taga."

"Ina za ki?"

"Wa'azi."

Anti ta bi ta da kallo ta saman tabarau. "Zuciyarki kamar burodi a ruwa. Je ki."

Dandamalin ya cika maƙil. Masu dako na tura amalanke suna neman hanya, wata uwa na ƙirga 'ya'yanta da yatsa, ƙamshin baƙin mai da ƙarfe mai zafi ya cika iska. Auta ta ratsa sanye da kayan aikinta, takardar a dunƙule cikin tafinta. Ta wuce tsohuwar nan ta ɗazu, wadda ta samu wurinta tana zaune daram, jaka a ƙirji, tana ɗaga mata hannu ta taga.

Ta same shi a ƙofar taragonsa, ya sa hankici a hanci. Da ya gan ta ya sauke.

"Dama na san za ki biyo ni," ya ce. "Na ga kujerar da kika ba ni. Na gode. An riga an taka min takalmi, wani kuma ya ɗora min buhu a cinya yana ce min ɗan riƙe."

"Ka saurare ni da kyau, ba ni da lokaci. A mararraba ana raba jirgin nan biyu. Taragun gaba su ne na babban birni. Waɗancan na baya da kake hange, garin masu fasa dutse za a kai su. Kada ka koma can, komai rashin mutanensu."

Ya dube ta, ya waiga ya dubi taragun, ya dawo da idonsa kanta. Sai murmushin ya karkace.

"Auta ke nan. Jirgi guda, a raba shi biyu kamar rake?"

"Ka tambayi duk wanda ka ga dama."

"In tambayi abokan aikinki? Waɗanda ke leƙena ta saman tabarau?" Ya girgiza kai, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Na fa san ki. Kin ajiye ni a bakin banɗaki, kin hango zan tsere, shi ne kika biyo ni da igiya ki ɗaure ni a wurin. In da gaskiya ne me ya hana ki faɗa a taga? So kike in isa gaban mutumin nan ina wari. Ban ga laifinki ba, wallahi. In ni ne ma zan ɗan rama."

Abin ya kusa ba ta dariya. Duk ƙaryar da ya taɓa shirga mata ta haɗiye ba ruwa, yau ga ta da gaskiya tsirara a hannu, ya ce bai san ta ba. To, ba sai ya yarda ba. Takardar da ke tafinta ta isa. In ya samu taga da inuwa a taragon farko, ba abin da zai tashe shi. Ta fara ɗago hannun.

"Mu bar wannan," ya ce, ya sassauta murya, irin sassautawar da yake yi in yana son a ce yana da kirki. "Abin da ya wuce ya wuce. Ya mutanen gida? Af, ya jikin Baba kuwa? Lokacin nan na ji kamar yana asibiti. Ya warware dai ko? Ki gaishe min da shi."

Hayaniyar tashar ta ja baya, kamar an rufe mata ƙofa. Auta ta tsaya tana kallon bakinsa. Ta nemi alamar zolaya a fuskarsa, ko ta mugunta, ko da ɗigo, don da ta samu da ya fi mata sauƙi. Babu. Fuskarsa fes take. Ya manta. Mutumin da ya mutu da hula a kai yana jiransa, shi ko gurbin tunawa bai ba shi ba. Har saƙon da ya turo da yatsunsa ya manta.

Hannunta ya koma ƙasa. Yatsun suka rufe a kan takardar.

"Na dai gaya maka," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

"Amin, Haske... amin, Auta."

A tarago na gaba wata mai tsohon ciki na tsaye a bakin ƙofa, riƙe da tikiti kaɗai, tana roƙon Dogo ya sama mata ko gefen kujera ne, don ba ta san ana kama wurin zama daban ba. Auta ta ware takardar, ta shafe ta a cinya ta miƙe, ta sa mata a hannu.

"Taragon farko, bakin taga. Ki zauna a nan har birni, kada ki tashi."

"Nawa zan bayar, 'yar'uwa?"

"Ki dai sauka lafiya."

Aka busa usur. Jirgin ya yi ajiyar zuciya ya fara ja. Ba ta koma ciki ba. Ta tsaya a ƙarƙashin agogo tana kallon taragu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, na gaba cike da fuskoki, sannan na baya, tagoginsu wayam suna walƙiya a rana. Bai ko jira Dogo ya gama zagaye ba. A tarago na kusa da ƙarshe ta hango farar riga. Ya riga ya miƙe ƙafa a kan kujerar da ke fuskantarsa, yana saka abin jin kiɗa a kunne. Da ya gan ta ya ɗaga mata yatsu biyu, irin na wanda ya ci wasa.

Ita ma ta ɗaga masa hannu.

"Kin yi wa'azin?" Anti Tabarau ta tambaya da ta dawo.

"Daga farko har ƙarshe."

"Ya tuba?"

"Ya ce in gaida Baba."

Anti ta cire tabaran gaba ɗaya, abin da ba ta cika yi ba. Ita ce ta riƙe wa Auta taga duk kwanakin makoki. Ta ɗauraye murfin fulas, ta cika shi, ta tura mata.

Rana ta karkata. Layi ya yi tsawo ya gajarce. Auta ta nuna wa wasu ɗalibai yadda za su haɗa jirgi biyu ba tare da sun kwana a hanya ba, ta lallashi wani da ya zo bayan jirginsa ya tashi yana rantsuwa agogon tasha ne ke gudu. Bayan la'asar, hasken da ke shigowa ta rufin gilashi ya koma ruwan zuma, sai wayar tambayoyi da ke gefenta ta yi ƙara.

"Ofishin tambayoyi, barka da yamma."

Ta fara jin iska, da ƙugin wata babbar na'ura can nesa, kafin muryar.

"Auta. Auta, ke ce?" Duk santsin ya tafi, sai numfashi. "Ina wani wuri, ban san ko ina ne ba. Duwatsu ne ko'ina. Sun ce nan ne ƙarshen layi. Wani mai shara ne ya tashe ni."

"Garin masu fasa dutse ke nan, ranka ya daɗe."

"Bar wannan. Ya zan yi in isa birni yanzu?"

"Taragun da suka kai ka su za su dawo da kai mararraba, gobe da hantsi. Daga can ka jira jirgin rana."

"Gobe? Mota fa?"

"Motocin tsakuwa ne ke bin hanyar, su ma sun tashi aiki war haka. Ko ka samu, tafiyar ta fi ƙarfin yammacin nan."

Ta ji wata wayar na ruri a kusa da shi, ta yanke, ta sake yin ruri. Wato a wayar tashar can yake kiranta, tasa kuma na hannunsa tana kuka.

"Ita ce ke kira," ya ce, muryar ta ƙanƙance. "Tun ɗazu take kira, na kasa ɗauka. Mutumin yana zaune yana jirana. Auta, don girman Allah, ke kin san kan abubuwan nan. Me zan ce mata?"

Auta ta dubi agogon da ke saman ƙofa.

"Ka ce mata kana jirgin baya."

"Akwai wani jirgin ne a baya?"

"Babu," ta ce. "In kama maka kujera ta gobe? Tikiti daban, kujera daban."

Iska kawai take ji da rurin ɗaya wayar. Ta ba shi lokacin da ake ba kowane mai tambaya, sannan ta ajiye kan wayar a hankali.

Anti Tabarau na jera takardun ranar, ba ta ɗago ba. Can ta ce, kamar da hatiminta take magana, "Yarinyar nan za ta sha kuka yau."

Auta ta ɗauki murfin fulas. Shayin ya huce tuntuni, ta shanye shi a haka.

"Yau kaɗai," ta ce.

Wani baƙo ya matso gaban gilashi da jaka a kafaɗa, yana tambayar jirgin rana na gobe. Ta gyara zama, ta dube shi cikin ido.